Abin da ya kamata ku sani kafin ku sauya gasket ɗin kan inji a gida

Gasket ɗin kan inji falle ne siriri wanda kaurinsa bai kai milimita 2 ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji. Amma ranar da ya ƙone, tafiya ta ƙare ke nan, kuma duk wanda ya nace da tuƙa motar a haka yana iya rasa injin gaba ɗaya. Mai ƙaramar mota da ya saba riƙe sifana, kuma yake da haƙuri, zai iya sauya shi a tsakar gidansa. Sai dai gasket ba ya ƙonewa haka siddan, akwai abin da ke ƙona shi. Wanda ya ɗaura sabo bai gano wannan abin ba, nan da 'yan makonni zai sake kwance injin.

Mene ne aikinsa?

Injin mota manyan sassa biyu ne. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka a cikin silinda. A sama akwai kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, mai ɗauke da bawul da fulogi da kamshaf. Gasket na kwance a tsakanin su, manyan notuna sun matse shi tam.

Abu uku ne ke ratsa wannan mahaɗa: wutar da ke tashi idan fetur ya kama a cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai da ke hawa sama don ya jiƙa kamshaf. Kowanne da ƙofofinsa a jikin gasket, kuma a bakin kowace silinda akwai zoben ƙarfe da ke tare wuta. Aikin gasket shi ne ya hana ukun nan haɗuwa, ya kuma hana su tsiyayowa waje.

Me ke ƙona shi?

Babban dalili shi ne zafi. A yawancin ƙananan motocin da ke kan hanyoyinmu, tof na alminiyam ne, a tsofaffin ciki kuma bulok na baƙin ƙarfe ne. Idan suka ɗauki zafi, alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. A zafin da aka tsara wa inji, wato wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos, gasket na iya jure wannan bambanci. Da zarar mota ta yi obahitin, sai tof ya kumbura ya murƙushe gasket, in ya huce kuma ya lanƙwashe, ya bar 'yar kafa da wuta za ta riƙa bi.

Abubuwan da ke jawo zafin sanannu ne: tiyo ya fashe, lagireto ya toshe ko yana yoyo, fanka ta daina tashi, famfon ruwa ya ci, ko tamostat ya maƙale a rufe. Akwai kuma murfin lagireto, wanda mutane ke rainawa. Shi ne ke riƙe matsi na kusan bar 1, wasu ma sun ɗan fi, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajen digiri 120. In robar murfin ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana guduwa.

Wasu halaye namu na ƙara dagula lamarin. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da sinadaran da ke taruwa su toshe siraran bututun lagireto, suna kuma kawo tsatsa, amma da su ake cika mota kullum maimakon ruwan kulant. Cire tamostat ma ya zama ruwan dare a garejinmu, da hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Alhali a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. Sannan ga zuba ruwan sanyi a cikin injin da ya yi zafi, wanda kan iya tsaga tof nan take. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ƙaramin aibi a ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kai mota ƙasa.

Yaya za ka tabbatar shi ne?

Kada ka kwance inji a kan zato. Alamomin sun danganta da wurin da gasket ya ɓalle. In tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, ruwa zai riƙa raguwa ba tare da ka ga yoyo a ƙasa ba, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya yi ɗumi, inji kuma na karkarwa da safe kafin ya daidaita. In tsakanin ruwa da baƙin mai ne, za ka zaro geji ka ga man ya koma kamar shayi da madara. In kuwa tsakanin silinda biyu ne, mota za ta rasa ƙarfi tana tafiya da ƙyar, ko da ba ta shan ruwa.

Gwaji mafi sauƙi ana yin sa ne da safe, inji na sanyi. Buɗe murfin lagireto, ko na robar ruwa a motocin da lagiretonsu ba shi da murfi, ka cika ruwa, ka tayar da mota ka zuba ido. In ka ga ƙwayoyin iska na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, suna ƙaruwa idan an taka totur, to hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Haka nan in ka mayar da murfi, ka ga babban tiyo ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali ruwa bai ko yi ɗumi ba. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya sale maka fuska da hannu.

Gwaji na biyu da ma'aunin matsi ake yin sa, a cire fulogi duka a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi ƙasa tare, sauran na lafiya, gasket ya ɓalle a tsakanin su. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake sakawa a 'yar kwalba a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin inji na fitowa ta wurin.

A kula, wasu alamomin na ruɗi. Farin tururi daga salansa da sanyin safiyar hunturu ba komai ba ne muddin ya ɗauke bayan 'yan mintuna. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin baƙin mai na iya zama raɓa ce kawai a motar da ba ta yin doguwar tafiya. Na'urar sanyaya mai, a motocin da ke da ita, in ta huje tana haɗa mai da ruwa alhali gasket lafiyarsa ƙalau.

Wace mota ce za a iya yi wa a gida?

Wadda ta fi dacewa ita ce mai silinda huɗu a jere, kamshaf ɗaya, bawul takwas, da bel ɗin tayimin. Misali na kusa shi ne Volkswagen Golf 3 mai injin lita 1.8, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma har yau take jigilar fasinja a hanyoyin Arewa. Injinta a buɗe yake, hannu na kai wa ko'ina, kayanta kuma ba sa wuyar samu. Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE ta fi wahala, domin kamshaf biyu gare ta da sarƙar tayimin, kuma sai an kwance murfin gaban inji kafin tof ya fita. Wanda bai taɓa yi ba kada ya fara da ita.

Akwai kuma halin da gasket kaɗai ba zai wadatar ba. In an daɗe ana tuƙa motar da mai gauraye da ruwa har inji ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, metal sun ci. In ruwa ya cika silinda aka murza makulli inji ya ƙi juyawa, wataƙila sandar fistin ta lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa. Wannan aikin gareji ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan da za ka tanada

Abin da babu makawa sai da shi shi ne sifana mai awo, wadda ake saita mata ƙarfin ɗauri ta yi ƙara idan an kai. In ba ka da ita ka ara ko ka yi haya. In ba ta samu ba, a dakata da aikin. Sai saitin soket, da bakin da ya dace da notunan tof, domin na Golf ba sa karɓar soket na yau da kullum. Sai miƙaƙƙen ƙarfen awo da fila geji, da abin kankara, da tsummoki masu tsabta, da kwali, da fenti ko alli.

A kasuwar kayan mota, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka je da lambar injin da aka buga a jikin bulok, domin sunan mota kaɗai ba ya isa. Sayi cikakken saitin gasket na sama, har da na manifol da na murfin bawul. Ana iya sayen tof na hannu, amma gasket sabo fil ake sakawa, kuma a nan araha ba ta ado. Sayi sabbin notunan tof in injinka na amfani da irin masu miƙewa, da baƙin mai, da filta, da kulant, da tamostat, da murfin lagireto. Tunda bel ɗin tayimin zai sauka, in ya tsufa wannan ce damar sauya shi. Nemi littafin gyaran injinka, ko a intanet ne, don alƙaluman ɗauri.

Zaɓi wuri mai siminti da inuwa, nesa da inda yara ke wasa. Ƙura babbar abokiyar gaba ce ga buɗaɗɗen inji, musamman da hunturu, don haka duk lokacin da za ka tashi ka lulluɓe shi.

Kwancewa

Bar inji ya kwana ya huce sarai. Cire wayar batir ta nagetif. Tsiyaye ruwa da baƙin mai a mazubi. Kulant na da zaƙi kuma guba ne, yana kashe kyanwa da akuya, yana iya kashe yaro, saboda haka kada a bar shi a buɗe ko a zubar a tsakar gida. A nisanta wuta da sigari, domin fetur zai ɗiga idan aka cire tiyonsa.

Kafin ka taɓa kowace waya ko tiyo, ɗauki hoto da wayarka, ka manna wa kowanne alama. Sannan ka juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, alamomin tayimin suka hau kan juna. A Golf za ka duba alamar da ke jikin gilar kamshaf, da ta fulawil ta 'yar kafar da ke saman giyabos, da inda rotar distributa ta nuna. Ƙara naka alamun da fenti a kan bel da gila. Daga nan sai bel, da manifol na shiga da na salansa, da murfin bawul.

Notunan tof goma ne a irin wannan inji. Ana sassauta su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, a zagaye biyu ko uku, don kada tof ya murɗe. Huda kwali ka jera su yadda suka fito. In tof ya ƙi ɗagowa, sake dubawa ko akwai notin da ka manta, kuma kada ka cusa sukundireba a mahaɗar, domin alminiyam ba ya jure ƙwarzane. Nemi wanda zai kama maka, ku ajiye shi a kan katako yadda bawul ba za su taɓa ƙasa ba.

Yanzu ɗauki tsohon gasket ka kai shi haske. Bi zoben kowace silinda da ido. Inda wuta ta ratsa za ka ga baƙin layi ya tsallake zoben, ko ka ga zoben ya tsinke a siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu. Leƙa kan fistin ɗin kuma: in ruwa na shiga silinda ɗaya, uku za su kasance baƙaƙe da gawayi, ɗaya kuwa fes yana ƙyalli, domin tururi ya wanke shi. Nan ruwa ke shiga. In ka duba ko'ina gasket bai nuna aibi ba, to ka zargi tof ɗin da tsagewa.

Awo da tsabta

Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu gaggawa ke faɗuwa. Kankare ragowar tsohon gasket daga bulok da tof a hankali, bayan ka toshe ramukan mai da na ruwa da tsumma. Jiƙa wurin kafin ka kankare, kada ka goge shi a bushe ko ka hura da baki, domin wasu tsofaffin gasket na ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu. Kada ka sa giranda ko burushin ƙarfe a fuskar alminiyam.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, kana gwada zura fila geji a ƙarƙashinsa. Volkswagen ta ƙayyade milimita 0.1 ga wannan inji, Toyota kuma milimita 0.05 ga 1ZZ-FE. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ma ba ya ji. In ya wuce haka, sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar, su kuma gwada shi da matsi ko ya tsage. Tambaye su ko an taɓa share shi a baya, domin kowane tof na da iyakar kaurin da ba a wucewa. Wannan kaɗai ne ɓangaren da ba a yi a gida, kuma tof ɗin da ya sha obahitin bai kamata ya koma kan inji ba tare da shi ba. Auna fuskar bulok ita ma.

Sai ramukan notuna. Tsane duk ruwa ko man da ya taru a cikinsu har su bushe. In aka ɗaura noti a kan ruwa, awon zai yi ƙarya, kuma matsin na iya tsaga bulok.

Ɗaurawa

Gasket na da sama da ƙasa, da gaba da baya. Yawanci an rubuta TOP a fuskar da ke kallon sama, na Jamus kuma OBEN. Tabbatar kowane rami ya hau kan nasa, musamman ramin mai, domin in ya toshe kamshaf zai ci cikin 'yan mintuna. A bushe ake ɗora shi. Kada a shafa gam ko giris, sai in littafin injin ya ambaci wani wuri takamaimai. Duba cewa kamshaf da karanshaf na kan alamominsu, sannan ku sauke tof a miƙe ba tare da jan sa a kan gasket ba.

Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya yi waje, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma mataki-mataki ne. A Golf mai lita 1.8, zagayen farko Nm 40 ne a ma'aunin sifana mai awo, na biyu Nm 60, sannan a ƙara wa kowane noti kwatan juyi, wato digiri 90, a sake zagayowa a ƙara wani kwatan. A 1ZZ-FE kuwa Nm 49 ne, sannan digiri 90. Kowane inji da nasa, kada a ari na wani. Ja sifanar a hankali ba tare da fizga ba, da ka ji ta yi ƙas ka tsaya. Kafin zagayen digiri, ɗiga fenti a kan kowane noti ta gefen gaba, don ka ga iya juyin da ya yi, ka kuma gane wanda ka tsallake. A wannan matakin notin na miƙewa ne da gangan don ya riƙe tof da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa wanda ya riga ya miƙe ba a dogara da shi karo na biyu. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu da ƙarfin damtse yakan bar wani noti ya fi wani, kuma ta nan sabon gasket ke fara ɓallewa.

Mayar da bel a kan alamomi, ka juya inji da hannu cikakken zagaye biyu. In ka ji ya toge, tsaya, kada ka tilasta, domin a injuna da yawa fistin na iya dukan bawul in tayimin ya goce. In alamomi suka dawo daidai, sai ka mayar da sauran kaya kana bin hotunanka.

Tayarwa da abin da ke biyo baya

Zuba sabon mai da filta. Wanke lagireto, ka cika da kulant, in mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Buɗe hita zuwa ƙarshe, ka tayar da mota ka bar iska ta fita, kana ƙara ruwa. Tsaya a kanta har tamostat ya buɗe, tiyon sama da na ƙasa duka suka yi zafi, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. In mai ya gauraya da ruwa a baya, sake juye shi bayan 'yar gajeriyar tafiya. A makon farko ka riƙa duba ruwa da geji kowace safiya kafin ka tayar.

Sauran tambaya ɗaya, kuma dole ka iya amsa ta da bakinka: me ya sa motar ta yi zafi tun farko? A Golf ka duba mahaɗar ruwa ta roba da ke gefen tof, wadda kan tsage idan ta tsufa, da makunnin fanka da ke jikin lagireto. A kowace mota ka girgiza famfon ruwa ka ji ko yana wasa, ka matsa kowane tiyo, ka shafa lagireto bayan an kashe inji ka ji ko akwai wurin da ya rage da sanyi, alamar toshewa. In ba ka sami mai laifin ba, aiki bai ƙare ba, ko da mota na tashi da bugu ɗaya.

Daga nan sai kiyayewa. Duk ranar da allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, ka gangara gefen hanya ka kashe inji nan take, ko da saura kilomita biyu ka isa gida. Ka jira ya huce da kansa, sannan ka nemi inda ruwan ya bi. Kuɗin janwe ko na ɗan tiyo ba su kai kuɗin tof ba, balle na inji.